JAWABI GA 'YAN AGYARAGU MAZAUNA KUDU A KAN AIKIN SAUYA GWIWA



Da yawa daga cikinku kun baro Agyaragu da Lafiya zuwa Ikko da Badun da Fatakwal domin neman abin rufin asiri, kun bar tsofaffi a gida, waɗanda shekarun tada kunyar doya da ɗaukar kaya zuwa kasuwa suka cinye musu gwiwa. Idan likita ya ce sai an yi wa tsohon aiki, ku ake aiko wa, ku ne kuma kuke tara kuɗin. Abin da nake so ku riƙe shi ne, biyan kuɗin asibiti rabin ɗawainiyar ne kawai. Sauran rabin kuwa a tsakar gida yake.

Da farko mu san aikin kansa. A bakin ƙasusuwan gwiwa akwai guringuntsi mai santsi wanda yake hana su gogar juna. Idan ya zaizaye, tafiya takan zama azaba. Likitan ƙashi yakan share wurin da ya lalace, ya ɗora ƙarfe a kan ƙasusuwan, ya sanya roba mai ƙarfi a tsakaninsu, cikin awa 1 zuwa 2. Ana yin wannan aiki a asibitocin ƙashi na tarayya, watau na Dala a Kano wanda aka kafa a 1959, da na Igbobi a Ikko, da na Inugu. Wani bincike da mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 2019 ya nuna kimanin 82 cikin 100 na irin wannan gwiwa suna kai shekara 25 ba a sake su ba.

Kafin ranar aiki, wajibi ne a daidaita hawan jini da ciwon sukari, a yi maganin ruɓaɓɓen haƙori da kowane gyambo, domin ƙwayar cuta tana iya bin jini ta sauka a kan sabon ƙarfen. Kada a yi tsaga ko ƙaho a gwiwar. A faɗa wa likita dukkan magungunan da ake sha, har da jiƙo da sassaƙe. Mai shan taba ya bari. A tanadi 'yan'uwan da za su ba da jini in an bukata.

Sa'an nan sai gyaran gida, kuma tilas ne a gama shi tun kafin a sallamo majinyaci. Tsohon da aka yi wa wannan aiki ba zai iya tsugunawa a masai ba, ba zai iya tashi daga tabarma ba. A sa kafinta ya yi masa kujera mai rami wadda za a ɗora a bakin masai, da maƙali a jikin bango. A samo gado mai tsayi, da kujera mai hannu, da sanda mai ƙafa huɗu. A cike ramukan tsakar gida, a gyara dokin ƙofa, a ajiye fitila kusa da kansa. Musulmi ya yi salla a zaune, Kirista ya dakata da durƙuso har likita ya yarda. Mafi muhimmanci, a zaɓi mutum guda mai ƙarfi wanda zai zauna da shi dare da rana a makonnin farko. Kuɗin da aka aiko daga Ikko ba ya kama hannun tsoho ya kai shi bayan gida.

Hanyar komawa gida tana da nisa, zama mai tsawo kuwa yana sa jini ya daskare a ƙafa. Saboda haka a nemi izinin likita kafin a kama hanya, a riƙa tsayawa yana takawa, ya sha maganin hana daskarewar jini daidai yadda aka rubuta.

A asibiti akan tada majinyaci ya taka tun rana ta farko ko ta biyu. A gida ma haka za a ci gaba. Tausayin da zai sa a bar shi kwance cutarwa ne, domin gwiwar da ba a lanƙwasa ta ana miƙewa kullum takan sandare. Kada a sa matashi a ƙarƙashinta. Tun kafin aiki a yi magana da ma'aikacin gashin ƙashi a Lafiya, a san ranakun zuwa da kuɗin mota. Akan cire ɗinki bayan kamar mako 2, a ajiye sanda wajen mako 6, amma cikakkiyar warkewa tana iya kai shekara guda.

Idan aka ga zazzaɓi, ko mugunya a bakin ɗinki, ko kumburi da zafi a sha-raɓa, a kai shi asibiti a ranar. Idan ƙirji ya riƙe ko numfashi ya yi wuya, kada a jira gari ya waye. Maɗori yana da wurinsa a al'adarmu, amma gwiwar ƙarfe ba aikinsa ba ce.

Don haka, 'yan'uwa, duk wanda zai aika kuɗin aiki ya ware na kafinta, da na mai jinya, da na zirga-zirga zuwa Lafiya. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya saka muku da alheri.