Galmi: Garin da Albasa ta Kai Sunansa Nesa



Mai martaba Sarki, Allah ya ja zamaninka. Hakimai, malamai, iyayenmu maza da mata, manyan baƙi, ina gaishe ku da ladabi.

A wannan biki na cikar sarauta shekara 100, an ba ni damar yin magana a kan Galmi, garin manoma da ke ƙasar Dogarawa, bisa babbar hanyar Yamai zuwa Maradi, cikin gundumar Malbaza wadda aka cire daga Ƙwanni a 2011.

Abu biyu suka fitar da sunan Galmi. Na farko asibitin mishan da aka buɗe a 1950, wanda majinyata ke zuwa har daga Najeriya. Na biyu jar albasa. Ƙasar fadama, ruwan madatsa da rijiyoyi, da haƙurin manomi da ke yin dashe cikin sanyin hunturu, su suka haifar da irin da Turawa ke kira Violet de Galmi. Yajinta da jimirinta wajen ajiya suka kai ta kasuwannin Gana, Kwadibuwa, Togo da Benin. A 2023 hukumar OAPI ta ba ta takardar shaidar asali, tare da kilishin Nijar.

Sai dai, jama'a, suna ba ya cika rumbu. Lokacin cira, wajen watan Maris da Afrilu, albasa kan yi yawa, kuɗinta ya faɗi, manomi mai bashi ya sayar da arha. Idan damina ta yi nisa buhu ya yi tsada, ribar tana hannun wanda ya iya ajiya. Wadda aka zuba a rudu kuma, zafi da laima kan ruɓar da kaso mai yawa. Ga irin namu ana nomansa a Senegal da Burkina Faso. In muka bari ya gauraye a gida, me za mu yi tinƙaho da shi?

Don haka roƙona ga fada da ƙungiyoyin manoma shi ne a tsare tsabtar iri, a gina ɗakunan ajiya masu shan iska, a kuma daidaita awon buhu tsakanin manomi da dillali. Kakanninmu sun bar mana ƙasa da iri. Mu bar wa ƴaƴanmu ciniki mai adalci.

Allah ya ƙara wa Sarki lafiya, ya ba mu damina mai albarka. Wassalamu alaikum.