Zugazugin Inji: Zaɓen Tsohuwar Motar Gudu Domin Farfaɗowa a Ƙasar Karaye da Rogo



Gabatarwa

Maƙasudin wannan lacca shi ne duba wata tambaya wadda takan fuskanci duk wanda ya ƙudura niyyar sayen tsohuwar motar gudu domin ya farfaɗo da ita da hannunsa, ko makaniki ne mai neman ƙarin sani, ko ɗalibin fasaha, ko kuwa manomin da kaka ta yi wa kyau. Tambayar ita ce: wace zai zaɓa, mai turbo ko maras shi? Za a auna amsar da ma'aunin ƙasar Karaye da Rogo a yammacin Jihar Kano, domin inji ba ya aiki a sarari kawai. Yana aiki ne cikin wata iska, da wani zafi, da wani irin mai, a hannun waɗansu mutane. Batun kuwa ba na wasa ba ne, domin kuɗin da ke shiga irin wannan aiki sau da yawa gumin shekara guda ne ko fiye, kuma akwai gareji da dama inda za a tarar da mota a kan duwatsu, ciyawa ta fito ƙarƙashinta, saboda mai ita ya yi kuskure tun ranar zaɓe.

Yadda turbo ke aiki

Inji wuta yake ci, wuta kuwa ba ta ci sai da iska. Kafin fetur kilo ɗaya ya ƙone sarai, yana bukatar iska kusan kilo 15. Saboda haka abin da ke iyakance ƙarfin inji shi ne yawan iskar da zai iya haɗiya, domin ƙara mai abu ne mai sauƙi. Inji na gargajiya da kansa yake shaƙar iska: fistin ya sauka, iska ta biyo shi, iyakar abin da silinda ta ɗauka ke nan.

Duk wanda ya taɓa zama a maƙera ya san abin da zugazugi ke yi wa gawayi. To, turbo zugazugin inji ne, sai dai ba yaron maƙeri ke zuga shi ba, hayaƙin injin ne da kansa. Farfela biyu ce a kan sanda ɗaya. Hayaƙi mai zafi da ke fita yana juya ta farko, ita kuma ta juya ta biyu, ta biyun ta danna iska cikin inji da ƙarfi. Iska ta yawaita, a ƙara mai, ƙarfi ya ƙaru, alhali girman injin yana nan yadda yake. Wannan sanda takan juya fiye da sau 100,000 a minti ɗaya, hayaƙin fetur da ke bugun ta kuwa zafinsa yakan kai digiri 900. Abin da ke tsakaninta da narkewa shi ne ɗan siririn baƙin mai da ke gudana kewaye da ita. Wanda ya riƙe wannan magana ya riƙe rabin laccar.

Taƙaitaccen tarihi

Wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan, Alfred Büchi, shi ne ya yi rajistar wannan dabara a 1905, amma ta daɗe tana hidima a jiragen ruwa da na sama da manyan injunan dizal kafin ta shiga ƙananan motoci. A 1962 kamfanin General Motors na Amurka ya fitar da Oldsmobile Jetfire da Chevrolet Corvair mai turbo. Labarin Jetfire abin lura ne. An yi ta da wani ƙaramin tanki na ruwa gauraye da sinadari domin sanyaya wutar inji, masu ita kuwa suka riƙa mantawa da cika shi, motar ta riƙa ba su wahala, bayan 1963 aka daina yin ta. Watau tun farkon al'amari turbo ya nuna halinsa: ba ya yafe sakaci.

Daga baya Turai ta karɓa. BMW 2002 Turbo ta fito a 1973, Porsche 911 Turbo a 1975, sannan Saab 99 Turbo ta biyo baya. Kafin ƙarshen shekarun 1980 kamfanoni da yawa sun saba fitar da mota guda a fuska biyu. Alal misali Nissan 300ZX ta 1989 tana da ƙarfin doki 222 in babu turbo, 300 in da turbo biyu. Toyota Supra ta 1993 kuwa 220 ne da kuma 320. Ga wanda ke kallon takarda kaɗai, ai gardama ta ƙare.

Darasi daga tseren Afirka

Amma Afirka ta ba da nata hukunci, kuma hukuncin yana da fuska biyu. Motar da ta ci tseren Safari na Kenya a 1975, a hannun Ove Andersson, Peugeot 504 ce maras turbo, watau irin wadda kamfanin Peugeot ya fara haɗawa a Kaduna a wannan shekarar, aka kuma ci gaba da yi har 2006. A 1978 wata 504 mai silinda shida, ita ma maras turbo, ta ci Safari ta kuma ci tseren Bandama na ƙasar Kwaddebuwa. Da juriya suka ci, a hanyoyin da suka karya motocin da suka fi su gudu.

Daga baya al'amari ya juya. Toyota Celica mai turbo ta ci Safari sau uku a jere, daga 1984 zuwa 1986. Peugeot masu turbo suka ci tseren Paris zuwa Dakar sau huɗu, daga 1987 zuwa 1990, tseren da a waɗancan shekaru yakan ratsa ƙasar Nijar ta Agadas. Mai son turbo zai ce ga hujja. Sai dai a lura da abu biyu. Na farko, bayan kowace ɗaya daga cikin motocin nan akwai rundunar makanikai da manyan motoci cike da kayan gyara, ana sauya mai da matata kullum dare. Na biyu, Nairobi tana bisa tudu mai tsawon kusan mita 1,800, inda iska ta yi sirara. Inji mai shaƙa da kansa yakan yi asarar kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 300 da aka hau, turbo kuwa yana mayar da wannan asara. Galibin ƙasar Kano tsawonta daga teku bai wuce mita 500 da 'yan kai ba, saboda haka wannan babbar fa'ida kaɗan ce take isowa Karaye.

Ma'aunin Karaye da Rogo

Abu na farko shi ne ƙura. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hazon hunturu yana cika sararin sama, hanyoyin ƙauyuka kuwa na jar ƙasa ne. Ƙura tana cutar kowane inji, amma ga farfelar da ke juyawa da irin saurin da aka ambata, ƙwayar yashi tamkar zarto ce. Tsaga ɗaya a jikin tiyon iska, ko matatar da aka kakkaɓe aka mayar sau goma, ta isa ta cinye bakin farfela cikin rani guda.

Na biyu zafi. A Afrilu da Mayu zafin rana yakan haura digiri 40, iska mai wannan zafi kuwa ta fi ta digiri 20 sirara da kusan kashi 6 cikin 100. Turbo yana ƙara mata zafi sa'ad da yake danna ta, har ta iya wuce digiri 100 kafin ta shiga inji, in babu na'urar sanyaya ta a tsakani. Iska mai zafi tana sa fetur ya fashe kafin lokacinsa, a ji inji yana ƙwanƙwasa kamar ana buga ƙusa. Wannan ƙwanƙwasa ita ce ke huda fistin, ita ce ke ƙone gaskit.

Na uku mai. Tsofaffin motocin turbo na Turai da Japan galibi an tsara su ne domin fetur mai daraja ta 95 zuwa 98 a ma'aunin juriyar fashewa, alhali mizanin fetur na Nijeriya daga 91 ya fara. Wanda kuma tafiya ta kai shi inda babu gidan mai, ya sayi na galan a bakin hanya, bai san abin da ya zuba ba. Inji mai shaƙa da kansa zai yi tari ya wuce. Mai turbo na iya kwanciya. Haka nan baƙin mai. Turbo yana bukatar mai kyau, a sauya shi a kan kari, kuma in an dawo daga doguwar tafiya a bar inji ya yi minti ɗaya ko biyu yana sululu kafin a kashe. In aka kashe nan take, man da ya tsaya a kan sanda mai zafi sai ya ƙone ya zama gawayi, ya toshe hanyar da mai ke bi. Tun da aka janye tallafin fetur a Mayun 2023 kuwa, kowace lita sai an yi lissafinta, turbo kuma in ana taka shi shan mai yake yi ba kaɗan ba.

Na huɗu, wanda ya fi duka nauyi, shi ne kayan gyara da hannun gyara. Ƙasar Karaye da Rogo ƙasar noma ce, ta masara da dawa da rake, ga noman rani a kewayen madatsar ruwa ta Challawa da aka kammala a 1992 da ta Kusalla. Makanikan wannan yanki sun ƙware a kan injin ban ruwa, da babur, da a-kori-kura, da motocin haya. Kafireta kuwa sukan kwance ta su ɗaura ido a rufe. Gyaran sandar turbo aiki ne na daban, domin sai an daidaita nauyinta a kan na'ura ta musamman. Abin da ya gagara a gida sai a nufi Kofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, abin da babu a can kuwa sai jiran saƙo daga ƙetare.

Peugeot 505 ta isa misali. An haɗa ta a Kaduna da inji mai lita 2, na dangin 504, wanda ƙarfinsa bai kai doki 100 ba, amma kayansa sun bazu ko'ina a Arewa. A Faransa an yi 505 GTI mai ƙarfin doki 130, da 505 Turbo ta 1983 mai 150, wadda aka ɗaga zuwa 160 bayan an sa mata na'urar sanyaya iska. A ido duk mota ɗaya ce. A ciki kuwa injin Turbo ɗin na wani dangi ne dabam, fistin da gaskit na ta Kaduna ba sa shiga. Mai saye ya ga jiki ya ɗauka 'yar gida ce, sai ranar da ta lalace ya gane baƙuwa ya ajiye.

Akwai kuma masu cewa a sayi maras turbo mai araha a ɗaura mata turbo daga baya. Wannan ita ce hanya mafi haɗari. Inji mai shaƙa da kansa yana matse iska kamar sau 9 ko 10, na turbo na da kuwa sau 7 ko 8, domin a bar wa ƙarin iska wuri. Porsche ta 1975 sau 6.5 kawai take matsewa. Wanda ya ɗaura turbo bai sauya fistin ba, bai gyara ma'aunin mai da lokacin wuta ba, bai ƙara girman lagireto ba, ya sa wa jaki kayan raƙumi.

Shawara

Ga wanda wannan ne aikinsa na farko, a wannan yanki, maras turbo ita ce zaɓi, kuma a cikin marasa turbo a fifita wadda danginta suka yawaita a tashoshin mota. Kuɗin da ya rage a fara da birki da tayoyi da ƙafafu kafin a taɓa ƙarfin inji, a kuma duba tsawon cikinta daga ƙasa, domin motar gudu gajera ce, damina kuwa ba ta raga wa gajeren ciki. A tuna kuma dokar hanya ta Nijeriya ta tsayar wa ƙananan motoci kilomita 80 a awa a babbar hanya, 100 a tagwayen hanyoyi, ga shanu da babura da yara 'yan makaranta a kan titi. Doki 300 ba su da filin sukuwa tsakanin Karaye da Rogo.

Wannan ba ya nufin a juya wa turbo baya. A yau yawancin taraktoci da manyan motoci da janaretocin dizal da turbo suke zuwa, sababbin ƙananan motoci da yawa ma haka. Makanikin da bai san shi ba, nan gaba kaɗan aiki zai riƙa wuce shi. Saboda haka turbo ya dace da aiki na biyu, ko da ɗakin koyon sana'a na jami'a da kwalejin fasaha, inda akwai ma'aunai da malami, inda kuma lalacewar inji darasi ce. Wanda ya kai wannan matsayi, kafin ya biya kuɗi, ya cire tiyon iska ya taɓa sandar da yatsa: in tana wasa gaba da baya, ko farfela ta goga bango, ko mai ya taru a cikin tiyo, ko shuɗin hayaƙi na fita daga salansa, to ya sa kuɗin sabon turbo cikin ciniki, ko ya haƙura.

Kammalawa

An ga yadda turbo ke aiki, da inda ya yi nasara, da sharuɗɗan nasarar tasa: iska mai tsabta, mai nagari, baƙin mai a kan kari, da kayan gyara a kusa. Inda waɗannan huɗu suka cika, ya fi ƙarfi ba tare da gardama ba. Inda ɗaya ya yi rauni, motar da ta fi ita ce wadda za ta tashi da asuba ta kai mai ita Kano ta dawo da shi. Hausawa sun ce daidai ruwa daidai tsaki. Mai niyyar wannan aiki ya fara auna aljihunsa da garejinsa da hanyar garinsu, sannan ya tafi kasuwa.