Tafinta ma sana'a ce

Masu saurare na Maraɗi, Tibiri da Jiratawa.

Yau batunmu tafinta ne. Tun 2019 'yan gudun hijira daga Zamfara, Katsina da Sakkwato suke shigowa jiharmu, har hukumar HCR mai kula da 'yan gudun hijira ta tsugunar da wasunsu a Garin Kaka. To, ku duba. Uwa tana bayanin ciwon ɗanta da Hausa, likita baƙo kuwa Faransanci kawai yake ji. Wa ke tsakaninsu? Tafinta. In ya tsallake zancen zazzaɓin dare, likita zai rubuta maganin da ba shi ba.

Matasa, ku ji da kyau. Jin harshe biyu bai isa ba. Ana son saurin kunne, ana son riƙon sirri, ana kuma son takardar shaida. Majalisar Ɗinkin Duniya da harsuna shida take aiki, babu Hausa a ciki, kuma sai an ci jarrabawa take ɗaukar tafinta. Amma aikin ƙungiyoyi a karkararmu, ai da Hausa yake tafiya.

Ɗaliban Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo, ku ƙara Ingilishi ko Larabci a kan Faransancinku, ku kuma iya rubuta Hausarku daidai.

Sai mun sake haɗuwa.