Laccar Reshenmu Na Illela: Fasaƙwari Da Talaka

'Yan'uwa talakawa, masu kasa kayan yaji a kasuwar Lahadi, yau zancen fasaƙwari ya tara mu.

Itace ne mai ƙaya, dangin lemun tsami. In kun murza ganyensa ku ji ƙanshin lemo. Ɓawon saiwarsa kuwa, in an tauna, harshe ya yi zir, ciwon haƙori ya lafa. Yana fitowa daga Sanagal har Kamaru, inda ruwan sama ya fi namu. Shi ya sa fatake ke hauro mana da shi daga kudu, mu sayar har ga mutanen Ƙwanni.

A 1971 Abayomi Sofowora na Jami'ar Ife ya bayyana yadda ruwan saiwarsa ke gyara ƙwayoyin jinin masu amosanin jini a ɗakin gwaji. Amma wannan bai hana zuwa asibiti ba.

To, ga abin tsoro. Saiwa ake tonowa, itacen da aka tone kuwa ya mutu. Kowa na tono, ba mai shuka. Ran da daji ya ƙare, talaka ne zai sha tsada.

Saboda haka muna kira ga masu lambu a Kalmalo su gwada shi kusa da lemunansu. A shuka sabon iri, a yi ban ruwa da rani. Kada a dasa guda, domin akwai namiji akwai mace, macen ke 'ya'ya.

Masu mulki ba za su shuka mana ba. Mu tashi. Allah ya taimaki talakawa, amin.