Masu Aikin Ɓoye a Tumbin Saniya: Jawabi ga Taron Makiyaya

 

Maganar da zan yi yau ta cimakar bisashe ce da rani. Kowa a nan ya san saniya tana cin karan hatsi busasshe ta yi nono, alhali ɗan Adam ko ya wuni yana taunarsa ba zai ƙoshi ba. Mene ne dalili?

Masana sun ce jikin kara da ciyawa an gina shi da wani zare da suke kira selulos. Zaren nan sukari ne da aka ƙulla kamar sarƙa. Cikin mutum ba ya da abin kwance shi. Ita ma saniya ba da ƙarfin kanta take kwance shi ba. A tumbinta akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ne ke wannan aiki, kuma cikinsu har da wata irin funfuna.

A shekarar 1975 wani masani a Ingila, Colin Orpin, ya gano haka a tumbin tumaki. Kafin shi, an ɗauka funfuna ba ta rayuwa inda babu iska. Ga yadda take aiki. Idan bisa ta yi tuƙa ta haɗiye, funfunar sai ta manne wa guntun kara, ta tura siraran saiwoyi cikinsa, ta tsattsaga shi. Sannan ta fitar da sinadarai masu yanka zaren nan gunduwa-gunduwa har ya koma sukari. Ta ƙofar da ta buɗe sauran halittun ke shiga su ƙarasa. Abin da suka fitar shi ne bisa ke tsotsa ya zame mata ƙarfi da nono. Maraƙi kuma daga manyan garke yake samun ta, ta hanyar miyau da kashi.

Masu masana'antu ma sun amfana. Lokacin yaƙin duniya na biyu, a tsibiran Solomon, wata funfuna ta riƙa ruɓar da tantuna da tufafin auduga na sojan Amurka. Ita ce aka sa wa suna Trichoderma reesei. Yau ana renon ta a manyan tukwane, ana zuba sinadarinta a abincin dabbobi na kamfani, ana kuma laushe yadi da shi.

To, 'yan uwa, me wannan zai amfane mu? Abu huɗu.

Na ɗaya, a yanki ciyawa tun tana ɗanya a adana. In ta tsufa takan yi wani tauri irin na itace, wanda masu aikin tumbi ke shan wahala kafin su ratsa.

Na biyu, kara kaɗai ba ya isar su. Suna bukatar ɗan ƙari, kamar harawa ko ƙuli-ƙulin angurya. Akwai kuma dabarar jiƙa kara da takin yuriya: kilo 4 zuwa 5 a narka cikin ruwa, a yayyafa wa kilo 100 na kara, a rufe ruf mako biyu zuwa uku, a buɗe ya sha iska kafin a bayar. Amma yuriya tsurarta guba ce. Kada wanda ya fara sai ma'aikacin kiwo ya nuna masa, kuma kada a ba ƙananan maruƙa.

Na uku, kada a cika wa bisa hatsi rana ɗaya. Tumbi yakan yi tsami, masu aikin su mutu, bisa ta kwanta. A riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan.

Na huɗu, ba kowace funfuna ce abokiya ba. Wadda ke fitowa a kan gyaɗa da masara masu laima tana da dafi, kuma dafin yana iya bi ta nono ya kai ga 'ya'yanmu. A 1960 irinsa ya kashe talo-talo kimanin 100,000 a Ingila. Abincin da ya yi funfuna a zubar da shi, arha ba ta ado.

Bisa da ta kai bazara da ƙarfinta ba a sayar da ita da asara. Don haka ina roƙon kowane wakili ya kai wannan bayani rugarsa tun kaka ba ta wuce ba.

 Allah Ya kai mu damina lafiya.