In Kiɗa Ya Sake, Rawa Ma Sai Ta Sake: Jawabi Kan Zaɓen Kayan Kankare Tsohon Gasket

Malam Shugaba, iyayenmu dattawa, ogannin gareji, direbobi da masu motoci, da ƙannenmu masu koyon sana'a, muna yi muku barka da zuwa. Muna kuma godiya ga shugabannin ƙungiya da suka ba mu, mu makanikai, wannan fili domin mu faɗi abin da ya dame mu.

Batun da muka zo da shi, wani zai ce bai kai a tara dattawa a kansa ba. Watau da me za a kankare tsohon gasket idan an buɗe inji. To, jama'a, ku yi mana haƙuri ku saurara, domin a wannan ɗan aiki na awa ɗaya ko biyu ne injuna da yawa suke lalacewa a hannun mai gyara, ba tare da shi ko mai motar sun sani ba.

Kowa ya san inda Allah ya ajiye garin nan. Tun da Umaru Nagwamatse ya kafa Kontagora a 1864, gari ne na matafiya, kuma da yawa daga cikin iyayenmu fatauci ne ya kawo su daga Kano da Katsina da Sakkwato da Zamfara. Babbar hanyar da ta taso daga Legas ta bi ta Ilori da Jebba da Mokwa ta nan take ratsawa zuwa Yawuri da Jega da Sakkwato. Ga hanyar Tegina, ga ta Rijau da Zuru. Motar da ta ɗauko masara ko shanu ta yi zafi a hanya, hannunmu take faɗowa. Direban nan baƙo ne, gobe zai wuce. Idan gasket ɗin da muka sa masa ya sake ƙonewa kafin ya kai Jebba, a kowace tasha ya tsaya sai ya ambaci garejin da aka yi masa aikin, ya kuma ce makanikan Kontagora ne. Kun ga ashe sunanmu ne gaba ɗaya a kan mizani. Sa'an nan tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, darajar naira kuma ta faɗi, kuɗin kayan gyara ya yi tashin da babu mai motar da zai iya sayen kan silinda sau biyu.

Bari mu tuna wa kanmu aikin gasket. Tsakanin kan silinda da bulok abubuwa uku ne suke zirga-zirga: wutar da ke ƙonewa a saman fistin, da ruwan sanyaya inji, da baƙin mai. Gasket shi ne katangar da ta raba su. Sabon gasket ba ya zama daidai sai a kan fuska mai tsabta, shafaffiya, wadda ba ta da tudu ba ta da kwari. Idan aka bar ɓurɓushin tsohon, ya zama tudu. Idan kuma garin cire ɓurɓushin aka karce ƙarfen, an haƙa kwari. Karce guda ɗaya da ya taso daga bakin silinda ya nufi ramin ruwa ya isa ya zama hanya. Bayan mako biyu ko wata guda sai ka ga lagireto yana kumfa, salansa tana fitar da farin hayaƙi, baƙin mai ya koma kamar shayi da madara. Sai a ce ai gasket ɗin ne jabu. Wani lokaci jabun ne, amma sau da yawa makankarin ne ya yi ɓarnar.

Me ya sa abin ya yi yawa yanzu? Saboda ƙarfen inji ya canza, kayan hannunmu kuwa suna nan yadda muka gaje su. Ogannin da suka koya wa da yawanmu aiki a kan Bedford da Mercedes 911 suka ƙware. Waɗannan injuna bulok ɗinsu da kansu duk baƙin ƙarfen zubi ne, wanda muke ce wa kas. A kansa guntun zarton yankan ƙarfe ko tsohon magagari da aka wasa bakinsa yana aiki, ƙarfen kuma ya jure. Da kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara haɗa motoci a 1975, 504 ta cika hanyoyinmu, ita kuwa bulok ɗinta kas ne, kanta alminiyam. Tsofaffin ogannin Fijo sun gane wannan, shi ya sa za ka ga suna lallaɓa kan kamar ƙwai. Golf ɗin da ake haya da ita zuwa ƙauyuka ma haka take, bulok na kas, kai na alminiyam. Injin Toyota Corolla samfurin 1ZZ, wanda ya fito a ƙarshen shekarun 1990, shi kam bulok da kai duk alminiyam ne. Haka murafun injin babur Bajaj da na Keke Napep da ƙananan injunan ban ruwa da manoman rani ke kawo mana.

Shi alminiyam, wanda wasunmu ke ce wa dalma, taushi gare shi. Ɗan kuskuren hannu kaɗan, ƙarfe ya yanke shi kamar wuƙa a jikin sabulu. Bugu da ƙari idan ya ji zafi yana buɗewa kusan ninki biyu na yadda kas ke buɗewa, saboda haka kullum yana ɗan goga jikin gasket. Gasket ɗin ma ya canza. Na da mai kauri ne, mai ɗan laushi, yana iya cike ƙaramin karce. Na injunan yanzu falle-fallen ƙarfe ne sirara da aka haɗa, ba ya cike komai. Abin da ka bari a fuskar ƙarfen, shi za ka tarar.

Saboda haka ƙa'idar da muke so kowa ya tafi da ita gida guda ɗaya ce: abin kankarewa ya zama ya fi ƙarfen da ake kankarewa taushi. Ƙarfen injin ne zai zaɓa maka makankari, ba abin da hannunka ya fara taɓawa a cikin akwati ba. In kana shakkar irin ƙarfen, ɗauko mayen ƙarfe, ko da na tsohuwar lasifika ne, ka ɗora. Idan ya kama, kas ne. Idan bai kama ba, alminiyam ne, sai ka mayar da duk wani makankarin ƙarfe cikin akwati.

A kan alminiyam, abin da ya dace shi ne makankarin roba mai tauri, wanda ake sayarwa musamman domin wannan aiki. In ba a samu ba, ba sai an je Kaduna ko Legas ba. A yanko guntun fayif ɗin roba na ruwa a feƙe bakinsa. Ko a kai wa kafinta guntun icen ƙirya ko maɗaci ya fere shi kamar bakin cizal. Tsohon katin banki ma yana aiki a murfin injin babur. Gaskiya ne bakinsu yana saurin dakushewa, to a sake wasawa. Gara makankari ya cinye da kan silinda ya cinye. Akwai kuma makankarin tagulla, amma shi taurinsa ya yi kusa da na alminiyam ɗin, sai a bar shi ga inda roba ta kasa, kuma da hannu mai sauƙi. Reza kuwa, mun san akwai ogannin da hannunsu ya faɗa da ita, amma kada a miƙa wa yaron da ya shekara ɗaya a gareji reza a ce ya hau kan alminiyam.

A kan kas, makankarin ƙarfe ya halatta, amma da sharaɗi uku. Ya zama mai faɗi, domin siririn baki shi ke haƙa rami. Bakinsa ya zama miƙaƙƙe, mai kaifi, ba shi da giɓi, domin dakusasshen baki shi ke sa mutum ya danna da ƙarfi har hannu ya kuɓuce. Sa'an nan a goge kusurwoyinsa biyu su ɗan yi zagaye. A kwantar da shi sosai a jikin ƙarfen, a riƙa turawa a hankali, ba a sara ba.

Akwai kayan da muke roƙo a raba su da wannan aiki sam. Na farko sukudireba. An yi ta ne domin kwance noti, bakinta siriri ne, duk inda ta bi sai ta bar layi. Na biyu cizal da guduma. Har wajen ɗaga kan silinda kada a cusa cizal tsakaninsa da bulok. Masu aikin 504 sun san silindojinta zarewa suke yi, shi ya sa ake gocar da kan gefe maimakon a ɓanɓaro shi sama, a kuma danne silindojin da noti da wasa kafin a taɓa komai. Na uku burushin waya, musamman wanda ake ɗaura wa inji, domin yana cin alminiyam, wayoyinsa kuma suna karyewa su faɗa cikin ramuka.

Na huɗu, wanda ya fi su duka yaudara, shi ne samfefa da faifan gurza na giranda. Suna sa ƙarfe ya yi ƙyalli cikin minti biyar, mai mota ya gani ya ji daɗi. Amma suna cin gefen ramuka su bar kwarin da ido ba ya gani. Yashin da ke zuba daga jikinsu kuma ya fi ƙarfen inji tauri, idan ya shiga hanyar baƙin mai sai ya bi ya cinye metal da kiranshaf. Kamfanin General Motors na Amurka da kansa ya gargaɗi makanikansa a rubuce da su daina amfani da irin wannan faifai a kan inji, saboda injunan da suka riƙa lalacewa jim kaɗan bayan gyara. Wannan shi ne garin neman gira a rasa ido. Inda kawai za a ɗaga ƙafa shi ne ƙaramin kan silindar babur da aka cire shi gaba ɗaya: a shimfiɗa samfefa mai laushi a kan gilashi mai kauri, a goga a hankali, a kuma wanke shi tas kafin a mayar.

Rabin aikin ma ba makankari ke yin sa ba, haƙuri ne. Kafin a fara, a toshe ramukan mai da na ruwa da bakin silinda da tsumma mai tsabta, a ƙirga su, in an gama a sake ƙirgawa. A jiƙa tsohon gasket da kananzir ko man gas, ko maganin fesawa na cire gasket, a bar shi ya sha kamar minti goma sha biyar. Kada a yi da fetur, domin garejinmu ba ya rasa mai walda a kusa. A riƙa kankarowa daga ramuka zuwa waje. A wanke ramukan noti a busar da su, saboda ruwa ko mai da ya kwanta a ciki yana hana noti ɗauruwa daidai, yana ma iya tsaga bulok. In lokacin hunturu ne, kada a bar inji a buɗe ƙura ta kwana a ciki.

Yaya za ka san ka gama? Ba da ƙyalli ba. Baƙin tabon da tsohon gasket ya bari, in ka bi da farce bai maƙale ba, ƙyale shi. Daga nan ka ɗora miƙaƙƙiyar rula ta ƙarfe a tsaye da a kwance da a karkace, ka gwada da fila geji. A injin Corolla da muka ambata, iyakar lanƙwasar da kamfanin ya yarda da ita milimita 0.05 ce, watau kamar rabin kaurin takardar rubutu. In ta wuce haka, babu makankarin da zai gyara, sai a kai wa masu injin daidaita fuskar ƙarfe.

Akwai kuma maganar lafiya. Gasket ɗin tsofaffin injuna da yawa da asbesto aka yi su, irin na silin ɗin gidajen da. Ƙurarsa idan ta shiga huhu ba ta fita, cutar kuma sai bayan shekara ashirin ko fiye take bayyana. Ingila ta haramta shi baki ɗaya a 1999, Tarayyar Turai kuma a 2005. Mu nan tsofaffin injunan suna hannunmu har gobe. Don haka a cire shi yana jiƙe, kada a gurza shi a bushe, kada a hure shi da baki ko da iskar mai faci. Yaran nan amana ce iyayensu suka ba mu.

Daga ƙarshe muna da roƙo uku. Ga ogannin gareji: wannan aiki ne da aka saba tura wa ƙaramin yaro saboda ana ganin ba ya bukatar ilimi. To a tsaya a kansa, a nuna masa mayen ƙarfe da makankari biyu tun ranar farko. Ga direbobi da masu motoci: ku daina tsayawa a kan makaniki kuna cewa lodi na jira. Sauri ya haifi nawa. Awa ɗaya da kuka ƙara masa ta fi kwana uku a bakin daji da kaya a mota. Ga ƙungiya kuma: muna ba da shawara a yi magana da abokan zamanmu masu sayar da kayan gyara su riƙa kawo makankarin roba, a kuma haɗa kuɗi a sayi rula da fila geji masu kyau waɗanda ƙananan gareji za su riƙa ara.

Iyayenmu sun zauna lafiya a garin nan ne saboda an san su da riƙon amana a ciniki da sana'a. Mu ma abin da za mu bar wa na bayanmu ke nan. Allah ya sa albarka a sana'armu, ya kiyaye direbobinmu a hanya, ya ba ƙasarmu zaman lafiya.