CIWON HANTA NAU'IN C YANA WARKEWA, AMMA SAI AN BI ƘA'IDA

Wannan shi ne jawabin da wani ɗan'uwa mai aikin sa kai ya gabatar wa matasa a Badafi, ƙaramar hukumar Ƙiru, inda 'yan'uwa daga Bebeji da Tudun Wada da Doguwa suka halarta. A sha karatu lafiya.

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Bayan haka, 'yan'uwa, maganar da aka ce in yi ita ce ta ciwon hanta nau'in C da kuma maganinsa: shin yana aiki, kuma shin yana da illa?

Wannan ciwo wata ƙwayar cuta ce ke kawo shi, wadda aka gano a 1989, kuma ta jini take shiga. Askar wanzami da ba a canza ba, rezar mai yankan farce, tsagar ƙaho, kaciya, cire belu, allurar da aka yi wa wani aka sake yi maka, da ƙarin jinin da ba a auna ba, su ne ƙofofinta. Ba a ɗaukar ta a musafaha ko a cin abinci kwano ɗaya, don haka babu dalilin ƙyamar mai ita.

Sharrin wannan ciwo shi ne shirunsa. Cikin mutum goma da suka kamu, kamar uku jikinsu kan kore shi da kansa, sauran bakwai kuwa yakan zauna musu shekara da shekaru suna noma, suna kasuwa, ba su sani ba. Wasu sai bayan shekara ashirin hanta ta taurare, ciki ya kumbura, ido ya yi ɗorawa, ko sankarar hanta ta biyo baya, wal iyazu billah. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 50 ne ke ɗauke da shi, kuma ya kashe kimanin 242,000 a 2022. A Nijeriya, binciken ƙasa na 2018 ya same shi a jikin sama da mutum ɗaya cikin ɗari na 'yan shekara 15 zuwa 64.

To, ina aka kwana a kan magani? A da, allurar Interferon ake yi tare da ƙwayar Ribavirin, wata shida zuwa kusan shekara, da zazzaɓi da ƙarancin jini da baƙin ciki mara dalili, kuma bayan duk wannan wahala kusan rabi ne ke warkewa. A ƙarshen 2013 aka amince da Sofosbuvir a Amurka, sannan irin su Daclatasvir suka biyo baya. Waɗannan ƙwayoyi ne da ake haɗiya sau ɗaya a rana, galibi na mako 12, suna hana ƙwayar cutar hayayyafa, kuma sama da mutum 95 cikin 100 suna rabuwa da ita gaba ɗaya. Illar da aka fi gani ita ce ciwon kai da kasala da tashin zuciya, waɗanda kan wuce.

In kuna son hujja, ku dubi Masar. A da, can aka fi ko'ina yawan wannan ciwo, saboda allurar maganin tsargiya da aka yi ta yi wa manoma shekaru da dama da sirinjin da ba a tsabtace yadda ya kamata ba. Mu da ke maƙwabtaka da ruwan Tiga mun san tsargiya. A 2018 gwamnatinsu ta fito gari-gari, aka auna sama da mutum miliyan 50, aka ba masu ciwon magani kyauta. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa Masar ce ƙasa ta farko da ta kai babban matsayi a hanyar kawar da shi. Nan kusa ma, jihar Nasarawa ta ƙaddamar da nata shirin a 2020.

Amma fa 'yan'uwa, amincin maganin yana tare da sharuɗɗa.

Na farko, gwaji biyu ne. Na farkon, wanda ake yi da ɗigon jini, sawun cutar kawai yake nunawa, wato ta taɓa shiga. Sai an yi na biyu, wanda ake kira PCR, kafin a san ko tana nan. Kada ka sayi magani a kan na farko.

Na biyu, dole a auna ka nau'in B kafin ka fara. Wanda ke da duka biyun, in aka kashe C, B na iya tasowa ya lalata hanta. Hukumar magunguna ta Amurka ta yi wannan gargaɗi a 2016, kuma ya shafe mu ƙwarai, tunda wancan bincike ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 a ƙasar nan suna da B.

Na uku, ka faɗa wa likita duk abin da kake sha. Rifampicin na tarin fuka da wasu magungunan farfaɗiya suna karya ƙarfinsa, Amiodarone na zuciya kuwa in ya haɗu da Sofosbuvir yana iya rage bugun zuciya har ya kai ga haɗari. In an haɗa maka da Ribavirin, kada iyalinka ta ɗauki ciki har sai wata shida bayan ka gama, don yana illata ɗan tayi.

Na huɗu, ka shanye shi duka, kada ka tsaya don ka ji sauƙi. In azumi ya riske ka, ka nemi likita ya tsara maka lokacin, sahur ko buɗa-baki. Mako 12 bayan gamawa a sake aunawa, sannan a ce ka warke. Wanda hantarsa ta riga ta taurare kuwa zai ci gaba da zuwa hoto duk wata shida. Kuma warkewa ba ta hana sake kamuwa, tunda C ba shi da rigakafi, B ne ke da shi.

Saura maganar kuɗi. Farkon fitowarsa, dala 84,000 ake sayar da na mako 12 a Amurka. Da kamfanonin Indiya da Masar suka fara yin sa, ya faɗo ƙasa da dala 50 a wasu ƙasashe. Duk da haka, kuɗin gwaji da magani da na mota zuwa Kano nauyi ne ga talakan Badafi, shi ya sa mutum kan karkata ga mai lasifika ranar kasuwa da jarkar maganin shawara. Jiƙo ba ya kashe wannan ƙwaya, wani ma ƙara wa hanta aiki yake yi.

Don haka kirana uku ne. Kowannenmu ya je a auna shi. Ka tafi wurin wanzami da sabuwar rezarka. Wanda kuma aka samu da ciwon, mu haɗa masa taro da sisi, mu raka shi Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko na Shika a Zariya, ya ga likitan hanta, ya sayi magani mai lambar NAFDAC. Neman magani ba ya kore tawakkali.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya kare mu baki ɗaya. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.